Oksijin a Asibitocin Magariya da Dungas: Daga Tukunyar Ƙarfe zuwa Tangaran

Oksijin magani ne da ba a shuka shi, ba a kuma haƙo shi daga ƙasa, domin kashi 21 cikin ɗari na iskar da ke kaɗawa a kowane gari shi ne. Ragowar kusan duk naitirojin ne, kashi 78, sai ɗan argon da burbushin wasu iskoki. Mai lafiyayyen huhu yana ɗibar rabonsa daga wannan gauraye bai ma sani ba. Wanda ciwon haƙarƙari ya cika wa huhu da ruwa da majina ba ya iyawa, sai an ƙara masa kaso, an ci gaba da ƙara masa dare da rana har maganin da aka ba shi ya kama jiki. Wahalar a nan take: a raba oksijin da sauran iska, a kai shi hancin majinyaci babu yankewa. Tarihinsa a asibitocin karkara tarihi ne na tazarar da ke tsakanin inda ake yin sa da gadon da ake bukatarsa, kuma wurare kaɗan ne wannan tazara ta fito fili kamar gundumomin Magariya da Dungas.

Gundumomin biyu suna kudancin jihar Damagaram ta Nijar, suna iyaka da jihohin Katsina da Jigawa na Najeriya. A da gunduma ɗaya ce, sai a 2011 aka yanke Dungas tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa, ta tsaya da ƙafarta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 570,000 a Magariya, sama da 350,000 a Dungas. Ƙasar manoma ce, mai gero da dawa da wake da gyaɗa, da rake a fadamun Korama, kuma tana cikin yankunan da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar. Daga garin Magariya zuwa Zinder, babban birnin jihar, kusan kilomita 100 ne, daga Zinder zuwa Yamai kimanin 900.

Cututtukan yara a wannan yanki suna bin kalandar noma. Daga Yuni zuwa Satumba rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, tamowa ta yawaita. A daidai lokacin ruwa ya kwanta a tafkuna, sauro ya hayayyafa, zazzaɓinsa ya kai matuƙa tsakanin Agusta da Oktoba. Hunturu ya zo da tari da ciwon haƙarƙari, bazara ta zo da ƙyanda da sanƙarau. Yaron da biyu daga cikin waɗannan suka haɗu a kansa yakan iso asibiti yana haki, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa duk sanda ya ja numfashi. In zazzaɓi ne ya cinye masa jini, ƙarin jini ne maganinsa, amma oksijin ke riƙe shi kafin a samo jinin da ya dace. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba yaro oksijin da zarar awon jininsa ya sauka ƙasa da kashi 90 cikin ɗari. Abin da yake bukata ba shi da yawa: rabin lita zuwa lita ɗaya a minti ga sabon haihuwa, lita ɗaya zuwa biyu ga wanda bai cika shekara ba, ta siririyar robar da ake saƙala wa hanci.

A ƙarshen ƙarni na 18 aka gano oksijin. Carl Wilhelm Scheele ya fitar da shi a Suwidin wajen 1772, Joseph Priestley ya fitar da shi a Ingila a 1774 bai san da aikin wancan ba, sannan Antoine Lavoisier na Faransa ya raɗa masa suna, ya nuna cewa shi wuta da numfashi suke ci. Likitoci suka yi ta gwada shi a kan cututtuka barkatai, har da waɗanda babu ruwansa da su, sai ya yi ƙaurin suna a matsayin kayan ƴan damfara. Abin da aka fi tunawa daga wancan zamani ya faru a Maris 1885. Wani matashin likitan karkara a jihar Pensilbaniya ta Amurka, George Holtzapple, ya je duba saurayi ɗan shekara 16 da ciwon haƙarƙari ya kai shi gargara. Ya ɗora sinadarai biyu a kwalbar gwaji bisa ƙaramar fitila, ya bi da iskar da ta fito ta cikin bokitin ruwa zuwa fuskar majinyacin, saurayin kuwa ya tashi. Oksijin na jinya, tun farkonsa, a bakin gado aka yi shi da hannu.

Masana'anta ce ta ɗauke shi daga nan. A 1895 Carl von Linde na Jamus ya ƙera injin da ke sanyaya iska har ta zama ruwa, a 1902 kuma ya sami hanyar raba wannan ruwa kashi-kashi. Naitirojin yana tafasa a digiri 196 ƙasa da sifiri, oksijin a 183, wannan ɗan bambanci ya isa a tace ɗaya daga ɗaya, a sami oksijin mai tsabtar kashi 99 da ɗoriya, da yawa kuma da araha. Masu yankan ƙarfe da masu walda ne manyan masu sayensa. Asibiti ya biyo baya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da John Scott Haldane ya ƙera abin rufe fuska a 1917 don sojojin da iskar guba ta ƙona wa huhu. Daga nan siffar oksijin a idon kowa ta zama doguwar tukunyar ƙarfe da ake cikawa a birni, a ɗora a mota, a mayar da ita in ta ƙare.

A Nijar kuwa, Faransawa sun ci Zinder a 1899, suka zaunar da hedkwatar yankin a can daga 1911 zuwa 1926, kafin su mai da ita Yamai. Likitancin mulkin mallaka ya fi karkata ga lamba da yaƙi da annoba irin su agana da sanƙarau, sai ƙananan ɗakunan shan magani a garuruwan da kwamanda ke zaune. Oksijin kayan ɗakin tiyata ne na manyan asibitoci, haka aka ci gaba da kallonsa shekaru da dama bayan samun ƴancin kai a 1960. Ba Nijar kaɗai ke da wannan kallo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kanta, da ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a rasa su a ƙarshen shekarun 1970, ƙarƙashin kayan sa barcin tiyata ta ajiye shi, kuma sai a 2017 ta rubuta shi a matsayin maganin ƙarancin oksijin a jini. A garuruwan kan iyaka, an fi saba ganin tukunyar oksijin a rumfar mai walda fiye da ɗakin jinyar yara.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili. Babbar tukunya tana ɗaukar kimanin lita 6,800, nauyinta ya haura kilo 60, ƙarfen ne kusan duka. Yaro ɗaya mai shan lita ɗaya a minti zai ƙarar da ita kafin kwana biyar su cika. Yara biyar za su ƙarar da ita ƙasa da kwana ɗaya, in ma babu yoyo a bakin bawul, alhali yoyo shi ne ya fi yawa. Kuɗin mota na zuwa da komowa yakan fi kuɗin iskar da ke ciki, a damina kuma hanyar rairayi takan yanke a daidai watannin da gadaje suka cika. Ma'aikacin jinyar da ke da tukunya ɗaya da yara uku masu haki ba shi da abin yi sai zaɓe.

A farkon wannan ƙarni aka faɗaɗa kiwon lafiyar karkara a Nijar ƙwarai. Shirin musamman na Shugaba Mamadou Tandja ya gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a ƙauyuka, a 2006 kuma aka yi dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mutuwar yara ta sauka daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Da ƙwayoyi da allurai da gidan sauro aka ci wannan nasara, wato kayan da ake ajiyewa a kwali a kan kanta. Oksijin ba ya zama a kwali, shi ya sa bai bi su ƙauye ba.

Yunwar 2005 ce ta canja yanayin jinyar yara a Magariya. Fari da fara sun cinye amfanin 2004, farashin gero ya yi tashin gwauron zabo, ƙungiyoyin agaji suka cika kudancin ƙasar. Ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, MSF, ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, a shekarar ce kuma ta fara aiki a Magariya tare da ma'aikatar lafiya. Abincin nan na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara mai suna Plumpy'Nut ya sa yawancin masu tamowa suna jinya a gida, uwa na zuwa karɓa mako-mako. Sakamakon haka shi ne waɗanda ake kwantarwa su ne mafi galabaita: masu tamowa haɗe da ciwon haƙarƙari, ko zazzaɓi mai suma, ko ƙarancin jini. Sashen yara na asibitin gundumar ya zama wurin da bukatar oksijin ta taru, yawan da jigilar tukwane ba za ta iya ɗauka ba.

Na'urar da irin waɗannan asibitoci suka dogara da ita, ta tace iska, ta samo asali daga matatun mai. Charles Skarstrom na kamfanin Esso ya sami rajistar dabarar a 1960, a shekarun 1970 kuma aka ƙanƙanta ta har ta shiga gidajen masu ciwon huhu a Amurka. Girmanta bai wuce ƙaramar durowa mai ƙafafun taya ba. A ciki akwai kwamfiresa da bututu biyu cike da tsakuwar ziyolait, wani ma'adini mai ramuka ƙanana da ido ba ya gani. In aka matsa iska cikin bututu na farko, ziyolait ya kama naitirojin ya bar oksijin ya wuce. Kafin ya ƙoshi sai bawul ya juya iskar zuwa bututu na biyu, na farkon ya saki abin da ya kama zuwa waje. Wannan juyi na ƴan daƙiƙoƙi shi ne numfashin da ake jin na'urar tana yi a ɗakin jinya. Oksijin da ke fitowa kashi 90 zuwa 96 ne, ragowar yawanci argon, domin ziyolait ba ya bambance shi da oksijin. Mai lita biyar a minti tana cin wuta wajen wat 350, mai lita goma wajen 600, kuma da abin rarraba iska na'ura ɗaya tana shayar da yara da yawa a lokaci guda.

Abokiyar aikinta ita ce ƴar na'urar da ake maƙala wa yatsa, wadda Takuo Aoyagi na Jafan ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Tana haska ja ta cikin fata, ta faɗi yawan oksijin da jini ke ɗauke da shi. Muhimmancinta ya fi girmanta, domin ido yana yaudara: shuɗin leɓe da littattafan Turai ke koyarwa ba ya saurin bayyana a baƙar fata, a yaro mai ƙarancin jini kuma yana iya ƙin bayyana sam. A Papuwa Niyu Gini, binciken Trevor Duke da abokan aikinsa da aka buga a 2008 ya nuna cewa haɗa na'urorin biyu a asibitocin gunduma ya rage mutuwar yara masu ciwon haƙarƙari da kashi 35 cikin ɗari. Daga 2019 wani shiri mai suna AIRE, ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar ALIMA, ya gwada sa na'urar yatsa a ƙananan cibiyoyin lafiya a Nijar da Mali da Burkina Faso da Gini.

Sai dai an ƙera na'urar tace iska ne don ɗakin dattijo a ƙasa mai sanyi da tsayayyiyar wuta, kuma kowane yanayi na shekarar Damagaram yana da hanyar da yake bi ya lalata ta. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, ta shiga kwamfiresa ta cinye shi. Laimar damina ta fi haɗari, domin ziyolait ya fi son ruwa a kan naitirojin. In ya sha laima ba ya sakinta, sai na'urar ta ci gaba da ƙara da hura iska kamar lafiya lau, alhali abin da ke fita ya kusa komawa iskar ɗaki. Wannan ita ce mafi munin lalacewa, tun da ba a ganinta sai da ma'auni. Ka'idar da aka gindaya wa na'urorin ita ce su yi aiki har digiri 40 na zafi, a Afrilu da Mayu kuwa ana wuce haka a inuwa. Sannan wuta: in ta ɗauke oksijin ya tsaya nan take, in ta dawo da ƙarfi ta ƙona allon na'ura. Saboda haka asibitin da ke dogara da ita yana bukatar janareta da gazuwal, da kayan gyara, da ma'aikacin da aikinsa kawai wanke matata da auna tsabtar iska. Wannan ma'aikaci ba ya fitowa a hotunan ƙungiyoyin agaji, amma shi ne bambancin ɗakin da na'urorinsa ke aiki da ɗakin da aka jibge su a lungu.

An yi ƙoƙarin rage cunkoson daga tushe. Tun 2013 ake raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a damina, Magariya na cikin gundumomin farko, a 2014 kuma allurar rigakafin ƙwayar cutar da ta fi haddasa ciwon haƙarƙari ta shiga jadawalin ƙasa. Duk da haka sashen yaran yana kumbura kowace damina zuwa ɗaruruwan gadaje. A 2016 da 2017 MSF ta buɗe wani sashe mai gado 200 a Dungas don watannin cunkoso, aka kuma kafa ɗakunan farfaɗo da yara a wasu cibiyoyin lafiya na karkara domin a fara taimakon gaggawa kafin a kama hanya. Shekarar 2018 ta fi tsanani. A Satumba ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa yara 730 ne kwance a asibitin Magariya, 208 daga ciki rai a hannun Allah, kuma a watan da ya gabata ana rasa kimanin yara goma kowace rana, yawanci saboda zazzaɓi da tamowa. In aka ƙaddara cewa 100 kaɗai cikinsu ke shan lita ɗaya a minti, bukatar kwana ɗaya lita 144,000 ce, wato manyan tukwane 21 kullum, ko na'urori goma masu lita goma da ba za su huta ba ko na minti ɗaya.

Na'urar tace iska ta sauke wa asibiti nauyin hanya, ta ɗora masa nauyin wuta, wutar Nijar kuwa kafin 2023 yawancinta, kusan kashi 70 cikin ɗari, daga Najeriya take zuwa. Yankin Maraɗi da Zinder yana sha ne daga layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta bisa takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, aka rufe iyaka, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairu 2024. Watannin farko na yankewar sun faɗo daidai kan ganiyar zazzaɓi.

Kafin nan annobar korona, wadda ta shigo Nijar a Maris 2020, ta riga ta sa duniya ta waiwayi oksijin. Aka zuba kuɗi wajen kafa manyan injinan ziyolait a harabar asibitocin Afirka, masu cika tukwane da tura iska ta bututu zuwa gadaje. A Mayu 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kan oksijin. Rahoton wani kwamitin masana da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2025 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, bai kai mutum ɗaya cikin goma na masu bukatar oksijin na gaggawa ko na tiyata ke samunsa ba. Manyan injinan ziyolait ɗin kuwa suna da lagon ƙananan: kwamfiresa da ziyolait da wuta.

Akwai kuma hanyar samar da oksijin da tangaran, wadda ta bambanta da duk waɗannan, asalinta kuma ya girme na'urar ziyolait nesa. A 1897 Walther Nernst na Jamus ya ƙera fitilar lantarki da ƴar sandar farin tangaran a maimakon zare, a 1899 kuma, shekarar da Faransawa suka shiga Zinder, ya bayyana cewa wannan tangaran, haɗin zirkoniya da ɗan itiriya, ba ya wuce da lantarki in yana da sanyi, amma yana wucewa da shi in ya yi zafi. Fitilar ba ta daɗe a kasuwa ba, mai zaren ƙarfe ta kore ta. Sai a 1943 Carl Wagner ya gano sirrin. Ƙwayoyin itiriyam da suka zauna a gurbin zirkoniyam suna zuwa da ƙarancin oksijin, sai wasu gurabun oksijin a jikin tangaran ɗin su zauna babu kowa. In zafi ya kai digiri 700 zuwa 800, ƙwayoyin oksijin masu ɗauke da caji suna tsalle daga gurbi zuwa gurbi har su ratsa daskararren abu daga wannan fuska zuwa waccan.

Daga nan ƙera injin oksijin ba shi da nisa. Ana yin siririn faifan tangaran, a shafa wa fuskokinsa biyu abin da ke karɓar lantarki, a zafafa shi, a hura iska a fuska ɗaya, a ba shi wuta da ba ta wuce bolt ɗaya ba. A fuskar iska kowace ƙwayar oksijin tana karɓar ilektiron huɗu, ta rabu biyu, ta shiga tangaran. A ɗaya fuskar ta mayar da ilektiron ɗin ta sake haɗewa. Naitirojin da argon da tururin ruwa ba su da gurbin bi, ƙwayoyin cuta kuma zafin ya riga ya ƙone su, shi ya sa tsabtar abin da ke fitowa take haura kashi 99.9. Yawansa ya rataya ne kacokan a kan ƙarfin wutar: amfiya ɗaya tana ba da kusan mililita 3.5 a minti a kowane faifai. Lita ɗaya a minti, abin da jariri ɗaya ke sha, tana bukatar amfiya kusan 290 a faifai guda, don haka ake jera faifai, misali 30 a kan amfiya 10. Babu kwamfiresa, babu bawul mai juyi. Abin da ke motsi fanka ce kawai.

Wannan tangaran ya riga ya iso tashar motar Magariya ba a sani ba. Tun 1976, lokacin da kamfanin Bosch ya fitar da shi aka fara sa shi a motocin Volvo, ɗan ma'aunin oksijin da ke ɗaure a salansar yawancin motocin fetur na zamani zirkoniya ne, yana aiki da wannan dabara a juye: bambancin oksijin tsakanin hayaƙi da iskar waje ke haifar da ƴar wutar da kwamfutar mota ke karantawa. Amfani da shi don samar da oksijin kuwa sojoji da masu binciken sararin samaniya suka fi ɗaukar nauyinsa, domin su ne jigilar tukunya ta fi yi wa tsada. Na'urar MOXIE da hukumar NASA ta Amurka ta aika duniyar Mas a cikin motar Perseverance ta fara aiki ranar 20 ga Afrilu 2021, ta fasa iskar kabon ta can a zafin digiri 800, ta fitar da giram 5.4 na oksijin. Zuwa Agusta 2023 ta yi aiki sau 16, ta tara giram 122. Injiniyoyin cibiyar NASA ta Johnson, waɗanda ke neman hanyar cika tankunan rigunan ƴan sama-jannati, sun kuma haɗa hannu da kamfanin American Oxygen a lokacin korona wajen ƙera samfurin asibiti mai ɗibar oksijin daga iskar duniya.

In aka auna shi da yanayin Magariya da Dungas, tangaran ya kauce wa biyu daga cikin masu kashe na'urar ziyolait. Laima ba ta dame shi ba, zafin bazara kuma ba komai ba ne ga abin da ke aiki a digiri 700. Ba ya yaudara: in wuta na bi ta faifan, oksijin ne ke fita, in ba ta bi ba babu abin da ke fita. Ƙura tana bukatar matata har yanzu, tun da datti da sinadarin farar wuta suna dakushe fuskar faifai a hankali. Matsalarsa babba zafin da yake bukata ne. Yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kai ga aiki, dole kuma a kai shi sannu a hankali, a sauke shi sannu a hankali. Maginan tukwanen ƙasa sun san dalili: tukunyar da aka haɗa da wuta da gaggawa tsagewa take yi. Inda wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana, kowace ɗaukewa barazana ce ga faifan da liƙin da ke tsakaninsu, sai an tsaya masa da batir. Gyaransa ma daban ne. Na'urar ziyolait makaniki mai horo yana iya buɗe ta, ya canja kwamfiresa ko ya sake cika bututu. Jerin faifan da ya tsage sai dai a aiko da wani daga masana'anta.

Tsabtar da ake yi masa kirari da ita ba ita ce abin da ɗakin yara ya rasa ba. Ka'idojin harhaɗa magunguna sun amince da oksijin mai kashi 93 da mai kashi 99.5 a matsayin magani, kuma abin da ke shiga ta robar hanci yana gaurayuwa da iskar ɗaki kafin ya kai huhu. Ga bakwaini ma yawansa illa ne: a shekarun 1940 da 1950 dubban jarirai a Amurka da Turai sun makance saboda an cika musu shi, kuma tsantsar oksijin yana rura gobara fiye da yadda ake zato. Abin da ya fi ceton rai shi ne kada ya yanke. A Yuganda, gwajin da aka yi a asibitocin karkara 20 da na'urorin ziyolait masu aiki da farantan hasken rana da batir, wanda aka buga a 2024, ya nuna mutuwar yara masu ƙarancin oksijin cikin sa'o'i 48 na farko ta ragu da kusan rabi. Rana kuwa Damagaram ba ta rasa ta ba.

Inda tsabtar ke da amfani na gaske shi ne ɗakin tiyata, inda argon kan taru a wasu injinan sa barci masu maimaita iska, da ɗakin gwaje-gwaje, da yankan ƙarfe, wanda ke lalacewa in tsabtar ta sauka ƙasa da kashi 99.5. Akwai kuma batun matsi. Lantarkin da ke tura oksijin ta cikin faifai yana iya tara shi da matsi a ɗaya ɓangaren ba tare da kwamfiresa mai mai ba, gwargwadon abin da liƙin zai jure, busasshe kuma babu laima. Wannan ya dace da cika ƙananan tukwane na tafiya, irin waɗanda ake bukata a motar ɗaukar majinyata ko a bayan babur daga garuruwan karkara irin su Bande da Dancawo da Waca zuwa asibitin gunduma, tsakanin ɗakin farfaɗowa na karkara da gadon Magariya, inda na'urar da ke jingine da soket ba ta iya bin yaro. Injinan tangaran na asibiti har yanzu suna matakin samfuri da ƙananan ayyuka na musamman, alhali na'urorin ziyolait ana ƙera su da yawa a masana'antu daban-daban, farashinsu da kayan gyaransu sanannu ne ga masu sayen kayan asibiti a Yamai da Kano.